Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Da ku nake, ku da kuke tashi tun kafin ladan ya yi kiran farko. Kai ɗan dako da ke sauke buhunan hatsi a kasuwar Dawanau. Kai mai Keke Napep da ke wuni cikin rana da hayaƙi. Ke mai ƙosai da ke hura wuta gari bai waye ba. Ke ungozoma da ke kwana tsaye a ɗakin haihuwa. Kai direban tirela da ke ratsa hanyar Birnin Gwari da addu'a a baki. Ke malamar firamare da albashinki ke ƙarewa wata bai raba ba. Kai manomin da ya baro gonarsa a Zamfara ya shigo birni yana tura baro. Kai soja, kai ɗan sanda, kai ɗan sa-kai da ka dawo daga daji da abin da idonka ya gani. Sannunku da aiki. Da guminku ake ci a ƙasar nan, wanda kuma ya musa, ya zo ya karɓe ku na wuni ɗaya ya gani.

In an gaishe ku, amsarku ɗaya ce: "Aiki da godiya." In an tambayi gida: "Lafiya lau." In an ga fuska ta sauya: "Ba komai." Alhali da yawanku akwai komai. Akwai kayan da kuke ɗauke da shi wanda ba a biyan ladansa, ba a kuma sauke shi in an tashi daga aiki. Yana bin ku har gida, ya danne ƙirji, ya tokare maƙogwaro, in dare ya yi kuma ya kwanta tsakanin miji da mata. A kansa zan yi magana, cikin ladabi amma ba rufa-rufa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne: jikin da ya sha wuya bai lalace ba. Kulle kansa ya yi don ya tsira, kuma murya tana cikin manyan mabuɗansa.

Jiki magayi

Hausawa sun ce jiki magayi, likitoci kuma sun zo sun tarar da gaskiyar maganar. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hangi haɗari sai ya tashi jiki duka. Wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙoda su zubo sinadaran adiranalin da kotizol cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, haƙora su cije, ciki ya dakatar da narkar da abinci, ƙarfi ya koma ga cinyoyi da damatsa. Mutum ya shirya faɗa ko gudu. In babu halin ko ɗaya, sai jiki ya sandare, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, baki ya ƙi buɗuwa. Wannan shiri rahama ce daga Allah. Shi ya fitar da uwa da goyo a bayanta daga ƙauyen da aka cinna wa wuta, shi ya sa direba ya kauce wa mutuwa kafin ya yi tunani.

Amma ku dubi mai gadin da ɓarayi suka taɓa ɗaurewa suka yi masa dukan kawo wuƙa. Daga ranar ba ya sake yarda da dare. Ganye ya motsa, ya yi kururuwa. Maigidan da kansa ya dawo, ya ƙi buɗe masa ƙofa. Haka mai gadin ƙwaƙwalwa yake zama bayan babbar masifa. Haɗarin ya wuce da shekaru, shi kuwa yana nan tsaye da gora. Taya ta fashe a kasuwa, ka ji ka a ƙasa kana rawar jiki. Babur ya wuce da tsakar dare, barci ya ƙaurace miki har asuba. Wani ƙamshin turare, wata irin murya, wani irin riƙo a wuyan hannu, sai jiki ya koma ranar da abin ya faru kamar yanzu yake faruwa.

Wannan ciwo ne sananne. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi cikin kundinsu na cututtuka, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. A 1998 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara fitar da sakamakon binciken da ya shafi mutum sama da 17,000 a Kalifoniya, suka nuna cewa gwargwadon yawan azabar da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon yadda ciwon zuciya da ciwon damuwa da shaye-shaye suka fi samunsa in ya girma. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. To, mu lissafa namu. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu. Ga 'yan bindiga daga Zamfara zuwa Katsina, Sakkwato, Kaduna, har iyakar Maraɗi. Ga kuma masifar da ba ta shiga labaran rediyo: haɗarin mota, naƙudar kwana da kwanaki da ta bar yoyon fitsari, dukan da yaro ya tashi a cikinsa, cin mutuncin ubangida a gaban jama'a, fyaɗen da aka binne don kare sunan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i. In kana cikin masu wannan ciwo, ka sani kana cikin taro mai yawa, kuma ba rauninka ne ya jawo maka ba.

Abin da ya tokare maƙogwaro

Mutanenmu suna da yadda suke faɗinsa: "Wani abu ya tsaya mini a wuya." "Ƙirjina ya yi nauyi." "Ina son in yi kuka, ya ƙi fitowa." Gaskiya suke faɗa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, an riƙa kawo sojoji daga ramukan yaƙi na Faransa babu rauni ko ɗaya a jikinsu, amma murya ta ɗauke ƙaf. Wasu shugabanninsu suka ce ragwanci ne. Daga baya aka gane firgici ne ya kulle musu baki. A 1996 wasu masu bincike a Boston, cikinsu har da likita Bessel van der Kolk, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da ake tuna musu masifar da suka shiga. Suka ga ɓangaren tsoro ya kama aiki gadan-gadan, shi kuma yankin da ke harhaɗa magana, wanda likitan Faransa Paul Broca ya gano tun 1861, ya yi sanyi.

Saboda haka, Malam, in ka tambayi iyalinka abin da ke damunta ta yi shiru tana kallon ƙasa, kada ka yi saurin cewa taurin kai ne. Ke ma Hajiya, in maigida ya dawo daga tafiyar da aka tare su a hanya ya zama kurma a cikin gida, kada ki ce ya daina son ki. Kalmomin ne suka maƙale.

Ga albishir a cikin halittar kanta. Daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, akwai ta goma, wadda likitoci ke yi wa laƙabi da jijiya mai yawo. Tana saukowa ta wuya, reshenta ne ke motsa tantanin murya, sannan ta wuce ga zuciya da huhu da hanji. Ita ce babbar hanyar da jiki ke bi ya kwantar da kansa. Duk sa'ad da ka fitar da numfashi a hankali, tana rage gudun zuciyarka. Ita kuwa murya ba ta fita sai a kan numfashi mai fita. Magana a tsanake, karatun Alƙur'ani da tartili, zikiri, waƙa, nishi, ajiyar zuciya, duk doguwar fitar da numfashi ce. Wanda ya rera, ya gaya wa jikinsa cewa gudu ya ƙare.

Inda ba a cika magana ba

Yanzu mu shiga ɗaki. Sha'awa da jin daɗin auratayya suna tafiya ne a kan wannan ɓangare na natsuwa. Miƙewar gaban namiji da ni'imar mace, dukansu suna buƙatar jijiyoyin jini su saki, su kuwa ba sa saki sai jiki ya yarda babu haɗari. Adiranalin yana matse su. Jikin da ke shirin gudu ba ya shirin karɓar baƙo, ko da baƙon nan shi ne mafi soyuwa a duniya.

Kuma tsoro ba ya ɗaure wuri ɗaya. In mutum ya firgita, muƙamuƙi yana cijewa, maƙogwaro yana shaƙewa, numfashi yana tsayawa, naman da ke shimfiɗe a ƙasan mara shi ma yana ƙanƙancewa. Naman nan yana motsi tare da numfashi, in an riƙe ɗaya an riƙe ɗayan. Shi ya sa akwai matan da gabansu ke tsukewa da kansa da zarar miji ya kusanto, su ji zafi mai tsanani, ba da son ransu ba. Akwai wadda ba zafi take ji ba, ji take kamar ta fita daga jikinta tana jiran a gama. Akwai namijin da ke kawowa nan take, akwai wanda gabansa ke kwanciya ana tsaka da abu, akwai wanda sha'awar ta ɗauke masa gaba ɗaya. A 2004 Barry Komisaruk da Beverly Whipple na Jami'ar Rutgers suka samu shaidar cewa, a wasu matan da lakar bayansu ta yanke, jijiyar nan mai yawo tana kai saƙon taɓawa daga bakin mahaifa zuwa ƙwaƙwalwa. Ashe jijiyar da ke riƙe da murya tana da hannu har can. Allah bai halicci ɗan Adam gunduwa-gunduwa ba.

Mu kuwa me muke cewa in haka ta faru? "Basir ne." "Sanyi ne." "An ɗaure ni." "Namijin dare ne ya aure ta." Sai a fara yawo. Kuɗin da aka tara da ciwon baya ya ƙare a wajen masu tallan maganin ƙarfin maza a tasha. Mace ta ci bashi ta sayi kayan mata, har da na cusawa masu ƙona fata. Matashi ya haɗiyi tiramadol don ya daɗe, bai san cewa yau da gobe ƙwayar tana kashe sha'awar kanta ba, tana rage sinadarin mazantaka, tana iya kawo farfaɗiya. Miji ya ce mata ta raina shi, mata ta ce miji ya yi sabuwa a waje. A ƙarshe a je gaban alƙali a ce "ba ma jituwa", ainihin maganar kuwa ba wanda ya furta ta.

A 1970 William Masters da Virginia Johnson, waɗanda suka shafe shekaru suna duba ma'aurata a birnin St. Louis na Amurka, suka bayyana yadda fargabar gazawa ke mai da mutum ɗan kallon kansa: yana kwance da iyalinsa amma hankalinsa na gefe yana auna ko zai iya. Maganin da suka ba ma'aurata mai sauƙi ne. Su ajiye saduwa na wani lokaci, su tsaya ga taɓa juna a hankali, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa inda ya ji daɗi da inda bai ji ba. Suka cire jarrabawa, suka shigo da magana. Har yau likitocin wannan fanni suna amfani da hanyar, kuma bincike da dama ya nuna ma'auratan da ke iya tattauna shimfiɗarsu sun fi samun gamsuwa.

Haƙuri daban, haɗiye ciwo daban

Na san abin da ke riƙe bakinmu. An tashe mu da kunya da kara da dauriya, kuma kyawawan ɗabi'u ne da ba na son mu rasa. An ce namiji ba ya kuka. An ce 'yar mutunci ba ta ihu ko a gwiwar naƙuda. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk na ji. Amma mu koma ga magabatan da muke koyi da su.

Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma bai ɓoye ba, ya kai kukansa ga Ubangijinsa da bakinsa, duk da haka shi ne abin misali a kyakkyawan haƙuri. Nana Maryam ta furta zafin da take ji lokacin naƙuda, Alƙur'ani ya ajiye mana furucinta. Manzon Allah (SAW) ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa, ya nufi Nana Khadija ya nemi a lulluɓe shi, ya gaya mata tsoron da ya ji, ita kuma ta kwantar masa da hankali da kalamanta. Ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta, aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. Ummu Sulaim ta yi tambaya a kan mafarkin mace, Nana A'isha kuma ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sani. 'Yan'uwanmu Kirista su buɗe Zabura su ga yawan kukan da Dawuda ya kai gaban Allah. Haƙuri shi ne kada ka yanke ƙauna, kada ka zalunci kowa da ciwonka. Bai taɓa nufin ka ƙi cewa "wayyo" ba.

Kakanninmu ma'aikata ma ba bebaye ba ne. Mace tana durƙushe a kan dutsen niƙa tana rera waƙa, a ciki take zuba habaicin kishiya da na uwar miji da kewar gidansu, kafin gari ya yi laushi zuciya ta yi sauƙi. Mata suna lugude, suna waƙar daɓe, suna rangaɗa guɗa. Manoma suna gayya da ganga a bayansu. Mahauta da kalangunsu, maƙera da kiɗansu, 'yan dambe da kirarinsu. Ɗan Anace ya yi wa manoma da 'yan dambe waƙa, Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota, Barmani Choge ta kifa ƙwarya ta faɗi abin da ke ran mata a gaban mata. Injin niƙa ya zo ya ɗauke mana wahala, mun gode, amma ya tafi da waƙar. Yau ma'aikaci yana wuni cikin ƙarar janareto, ya dawo ya sunkuya a kan waya, ya kwanta bai furta jimla goma da ta fito daga zuciyarsa ba. Gadonmu ne muka ajiye, kuma yana nan inda muka bar shi.

An gwada, an gani

A 1986 James Pennebaker, wani malamin jami'a a Texas, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana huɗu. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibiti ya ragu idan aka kwatanta da waɗanda suka rubuta abubuwan yau da kullum. Daga baya aka ga faɗinsa da baki ma yana yin irin wannan aiki, don haka wanda bai yi boko ba bai rasa komai ba. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Los Angeles suka nuna cewa da zarar mutum ya ambaci sunan abin da yake gani na tsoro ko fushi, amigdala tana lafawa.

Kada ku ce wannan sai Turai. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu larurar ƙwaƙwalwa ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Duniya ta zo ta koya daga gare shi, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe kuma, likita Dixon Chibanda ya ga likitocin ƙwaƙwalwa ba su isa ba, sai ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa. Sakamakon gwajin da aka fitar a 2016 ya nuna bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kusan rabi ne. Benci, kunne da amana. Wace unguwa ce tamu ta rasa waɗannan?

Ta ina za a fara

Likita Judith Herman, a littafinta na 1992, ta tsara warkewa hawa uku: aminci tukuna, sannan faɗin abin da ya faru da yin makokinsa, sannan komawa cikin mutane. Kada a tsallake na farko. In wanda ake tsoro yana cikin gidan, in duka ne ko tilastawa, to magana ta farko ba da shi za a yi ta ba. A kai ga waliyyi, ga limami mai adalci, ga hukuma. Wadda aka yi wa fyaɗe a garzaya da ita asibiti cikin awa 72, domin a lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. Akwai cibiyar Waraka a Kano, cibiyoyin Salama a Kaduna, cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Laifin na wanda ya aikata ne, kunyar ma tasa ce.

Ka fara da kanka. Bayan sallar asuba, kafin ka tayar da mashin, zauna minti biyar. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi na shiga tsawo. Ɗaga murya kaɗan a karatunka. Saki muƙamuƙi. In kuka ya zo a sujada, bar shi ya zo. Ki rera waƙa kina wanki, ba wanda ya isa ya ce kin yi laifi.

Sannan ka nemi mutum ɗaya mai riƙon amana. Ba dole ne ka zayyana komai ba, ba kuma dole ne yau ba. "Tun ranar nan ban sake barci mai kyau ba" ta isa mafari. Kai kuma da aka zaɓa aka gaya maka, kada ka yi saurin cewa "a yi haƙuri, ya wuce." Kada ka matsa da tambaya. Ka ce: "Na ji ka, ɗan'uwa. Ina nan."

Ma'aurata, ku zaɓi lokacin da ba na shimfiɗa ba, yara sun yi barci, ciki ya ɗauka. Ki ce: "Baban Amina, ba ƙinka nake ba. In an zo wajen ne jikina ke ɗaurewa, ina jin zafi. Ka bi ni a hankali." Ka ce: "Maman Amina, kada ki zargi kanki. Tun da aka tare mu a hanyar nan ban koma daidai ba. Ki taimake ni." Wallahi namijin da ya iya furta wannan ya fi wanda ya ɗaga buhu biyu ƙarfi. A cikin ɗaki kuma ku ba juna izinin magana: "dakata", "a hankali", "haka ya yi". "Dakata" ɗin da aka girmama yau ita ke haifar da sakin jiki gobe. Kada ku riƙe numfashi, kada ku haɗiye nishi don kunyar wanda Allah ya halatta muku. Na san da yawa ɗaki ɗaya ne, ga yara, ga maƙwabta a gidan haya, ga gajiya. Raɗa a kunne ma murya ce. Daren da aka yi hira aka riƙe hannu aka yi barci, ba a yi asararsa ba.

Ku je asibiti. Raunin gaba yakan zama alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini ko toshewar jijiyoyin jini, a auna a gani. Zafin saduwa yana da dalilai da ake magancewa. Yoyon fitsari ana ɗinke shi a Babbar Ruga ta Katsina, da cibiyar Laure a Kano, da Danja kusa da Maraɗi. Asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, kuma ba na masu yawo a bola kaɗai ba ne, na mai rashin barci ne, na mai firgita ne. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majiyyaci mutuncinsa da sirrinsa. Ku yi addu'a, ku yi ruƙiyya, ku kuma ga likita. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani.

Ku kuma shugabannin ma'aikata, sarkin kasuwa, shugaban tasha, uwar adashi, shugabar ƙungiyar ungozomomi, limamin masallacin gareji: kuna tara kuɗi in memba ya yi haɗari, kuna zuwa gaisuwa in an yi rasuwa. Ku ƙara da wannan. Direban da aka sako daga hannun masu garkuwa, kada ku miƙa masa makulli washegari ku ce Allah ya kiyaye gaba. Ku zauna da shi. Ku gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa taronku bayani. Malamai masu wa'azin aure, ku faɗa wa maza cewa tausasawa da sauraro suna cikin haƙƙin mace, ku faɗa wa mata cewa faɗin abin da ke cutar da su ba rashin tarbiyya ba ne.

'Yan'uwana, ku ne kuke tayar da injin da kowa ya ce ya mutu. Ku ne kuke fitar da hatsi daga ƙasar da ta tsage, kuke karɓar haihuwa da hasken tocila, kuke ciyar da gida goma da jarin da bai kai kuɗin cefanen wani ba. Mutanen da suka iya wannan ba za su gagara gyara tsakaninsu da jikinsu ba. Ba a halicce ku don wahala kaɗai ba. Barci mai daɗi haƙƙinku ne, dariya haƙƙinku ce, natsuwa da jin daɗi a ɗakin aurenku halal ɗinku ne, kuma abin da aka yi muku a baya bai soke ko ɗaya ba. Za a yi kwanakin ci gaba, za a yi na komawa baya, amma sannu ba ta hana zuwa. Kada ku jira sai aure ya mutu, kada ku jira sai jini ya hau. Yau ɗin nan, kafin ku kwanta, ku nemi mutum ɗaya ku gaya masa gaskiya ɗaya. Ku buɗe baki, ku nemi magani, ku ja ɗan'uwanku ku tafi tare. Allah ya ba ku lafiya, ya sanya albarka a guminku, ya zaunar da gidajenku lafiya.